Maki mai rauni a digirin farko: ta wace ƙofa ake shiga makarantar likitanci a Amurka?

Yaro ɗan shekara 18 ya shiga jami'a a Amurka, ya faɗi kemistiri a zangon farko, ya sha da ƙyar a lissafi, sai a shekara ta uku hankalinsa ya dawo jikinsa. Bayan shekara shida ga shi ya zama cikakken mutum, yana aiki a asibiti, ya kuma tabbata a ransa cewa likita yake so ya zama. Amma takardar sakamakonsa tana nan yadda yaron nan ya bar ta. Dubban masu neman karatun likita a ƙasar suna cikin wannan hali, kuma tushen abin yana cikin tsarin kansa. In ban da wasu 'yan tsirarun shirye-shirye, a Amurka ba a shiga likitanci kai tsaye daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a kowane fanni mutum ya ga dama, muddin ya haɗa da darussan share fage: bayoloji, kemistiri iri biyu, fiziks, sau da yawa da bayokemistiri da lissafi. Daga nan ne ake neman gurbi, a sake shekara huɗu.

Ana auna ƙoƙarin ɗalibi da matsakaicin maki, wanda kowa ke kira GPA, kuma ƙololuwarsa 4.0 ne. A na da maki 4, B na da 3, C na da 2, D na da 1, F kuwa ba ta da komai. A 'yan shekarun nan mutum sama da dubu 50 ne ke neman makarantun da ke ba da digirin likita da ake kira MD duk shekara, waɗanda ke samun shiga kuwa wajen dubu 22 zuwa 23 ne kawai. Matsakaicin GPA na waɗanda aka ɗauka yana kusa da 3.8. To wanda ya fito da 3.0, ko 2.8, ina ya dosa?

Kafin a yi maganar hanya, sai an zauna da alƙalami an yi lissafi, domin a nan ne yawancin mutane ke yaudarar kansu. Digirin farko yawanci kiredit 120 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kowane darasi, wanda ake ninka maki da shi. A ce ɗalibi ya gama da 3.0, wato jimillar makinsa 360. Ya koma aji ya yi shekara guda cur, kiredit 30, bai samu komai ba sai A. Ya ƙara 120 a kan 360, an raba 480 gida 150, ya tashi da 3.2. Ya ƙara wata shekarar haka ba tuntuɓe ko ɗaya, ya kai 3.33. In kuwa 3.5 yake nema, sai ya yi ƙarin kiredit 120, wato wani sabon digirin sukutum, kuma duk da A. Ba a ma zo maganar 3.8 ba. Duk wanda ya fahimci wannan lissafi zai daina ɗora burinsa a kan ɗaga jimillar maki zuwa inda na sauran jama'a yake. Bakin alƙalami ya riga ya bushe a can. Aikin da ya rage shi ne kafa sabuwar hujja, wadda za ta nuna wa kwamitin ɗaukar ɗalibai cewa mai neman gurbin yau zai iya ɗaukar nauyin karatun da yaron jiya ya kasa.

Abin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne yadda ake gabatar da sakamakon. Mafi yawan makarantun MD suna karɓar takardun nema ne ta wata kafa guda, AMCAS, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke gudanarwa. AMCAS ba ta ɗaukar GPA ɗin da jami'arka ta rubuta. Tana tattara kowane darasi da ka taɓa yi a kowace kwaleji, har da waɗanda ka ɗauka tun kana sakandare, ta sake lissafi da ma'auninta. Sa'an nan ta raba shi gida biyu: na kimiyya, wato bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi, da na sauran darussa. Ta kuma jera shi shekara-shekara: ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, sai layin karatun da aka yi bayan digiri, sai wani layin daban na digiri na biyu. Saboda haka mai duba takarda yana ganin tafiyar, ba lamba ɗaya kawai ba. Ɗalibin da ya fara da 2.5 ya ƙare da 3.8 da wanda ya fara da 3.8 ya gangaro zuwa 2.5 za su iya tashi da jimilla iri ɗaya, amma duk mai hankali ya san ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Na farko ya yi tuntuɓe ya miƙe. Na biyu ya fara gazawa ne daidai lokacin da darussa suka yi nauyi, kuma karatun likita ya fi duk waɗancan nauyi.

Akwai wani sauƙi a ɓangaren kimiyya. Tunda kiredit ɗinsa bai kai na jimilla yawa ba, ya fi saurin motsi. Wanda ke da kiredit 40 na kimiyya a kan 2.8, in ya ƙara 30 da A zalla, zai kai kusan 3.3. Wannan tsalle ne da ake gani, kuma makin kimiyya shi ne wanda kwamitoci suka fi zuba wa ido.

Akwai kuma wani ɗaci da ya kamata a haɗiye tun da wuri. Jami'o'i da dama suna yafe wa ɗalibi: in ya maimaita darasin da ya faɗi, sai su goge tsohon makin daga lissafinsu. AMCAS ba ta san wannan yafiya ba. Tana ƙirga na farko da na biyu duka. F da A a darasi guda sun zama kamar C biyu. A da, kafar makarantun DO (ɗaya digirin likitan da ake bayarwa a Amurka ban da MD), wato AACOMAS, tana maye tsohon maki da sabo, kuma mutane da yawa sun tsira ta nan, amma ta daina tun 2017. Har yanzu ana cin karo da tsofaffin shawarwari da ke cewa a maimaita komai za a goge, kuma wanda ya bi su zai kashe kuɗi da shekara a banza.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa, ita ce: me ya jawo faɗuwar? Ba domin a rubuta wa kwamiti ba, domin mutum ya sani shi kansa. Wani yana aikin sa'o'i 30 a mako don ya biya kuɗin makaranta. Wani rashin lafiya ce ta kwantar da shi, ta jiki ko ta damuwa. Wani rasuwa aka yi masa a tsakiyar zango. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, bai dai iya karatu ba: salon da ya fisshe shi a sakandare, na bitar littafi dare ɗaya kafin jarrabawa, shi ya zo da shi jami'a, oganik kemistiri ya kayar da shi. Kowane ɗaya da maganinsa. Wanda aiki ya hana shi, in ya koma aji da aikin nan a wuyansa, sakamakon ba zai canza ba. Wanda bai iya karatu ba yana bukatar ya koyi gwada kansa da tambayoyi, da rarraba bita a kan makonni, da zuwa wurin malami tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina nanata wannan ne saboda damar gyara ba ta da yawa, kuma kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙunci. Kwamiti zai iya yi wa ɗan shekara 18 uzuri. Da wuya ya yi wa ɗan shekara 25 da ya dawo musamman don ya nuna ya gyaru, ya sake kwaso B da C.

Shi ya sa mai hikima ke fara gwaji da kaɗan. Darasi ɗaya ko biyu na kimiyya a zango guda, a ga ko sabon salon yana aiki. In A ta fito, sai a ƙara kaya. Amma kada a tsaya a nan, domin darasi ɗaya a zango ba ya nuna ƙarfin ɗaukar nauyi. Dole a ƙarshe a ga zango biyu ko uku da mutum ya ɗauki cikakken kaya na kimiyya mai wuya ya sauke lafiya.

Wannan komawa aji bayan digiri ita ce ɗalibai ke kira fosbak. Iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai ta masu sauya layi, waɗanda suka karanta tarihi ko kasuwanci, makinsu mai kyau, ba su dai taɓa yin darussan share fage ba. Akwai kuma ta masu gyaran sakamako, wadda ita ce ta shafe mu. AAMC tana da rumbun da ya jera shirye-shiryen duka biyun. Shirin da aka tsara a hukumance yana zuwa da mai ba da shawara, da wasiƙar shaida daga kwamitin shirin, wani lokaci da alaƙa da wata makarantar likitanci, amma yana da tsada. Da yawa sukan haɗa nasu da kansu: su yi rajista a jami'ar jiharsu, su zaɓi darussan da suke bukata, su biya kuɗin 'yan jiha. A wurin AMCAS duka biyun layi ɗaya suke shiga, kuma duka suna haɗuwa da GPA na digirin farko.

Me za a ɗauka? Duk darasin share fage da aka samu ƙasa da C a cikinsa sai an maimaita, domin makarantu da yawa ba sa karɓar abin da ya gaza haka. Wanda aka samu C kuwa, a ganina maimaita shi ba shi da riba sosai, sai in tushen ya ruɓe har mutum ba zai iya ɗora komai a kai ba. Makin A da aka samu a karo na biyu ba ya burge kowa, tunda an riga an ga tambayoyin. Gara a haura sama: wanda ya samu C a bayoloji na farko ya je ya ci A a ilimin ƙwayoyin halitta, da ilimin gado, da ilimin garkuwar jiki, da ilimin aikin gaɓoɓi, da bayokemistiri. Waɗannan sun yi kama da abin da ke jiran sa a shekarar farko ta likitanci. Game da ƙananan kwalejojin al'umma masu shekara biyu, sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma makarantu da dama suna karɓar darussansu. Sai dai mai gyaran sakamako yana da wata damuwa ta daban: wanda ya faɗi a jami'a ya je ya ci a kwalejin da ake ganin ta fi sauƙi, ya bar ƙofar shakka a buɗe. In aljihu ya tilasta, a fara a can, amma a ƙarasa da manyan darussa a jami'a mai shekara huɗu.

Sai babbar caca, wato digiri na biyu na musamman da ake kira SMP. Shiri ne na shekara ɗaya, wani lokaci biyu, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa irin na shekarar farko ta likitanci, a wasu wuraren ma aji ɗaya da ɗaliban likitancin, jarrabawa ɗaya. Na jami'ar Georgetown da ke Washinton ya faro tun 1975, jami'ar Boston ma tana da nata sananne. Hujjar da yake bayarwa ba ta da na biyu: ga wannan mutum, mun sa shi a ajin likitoci, ya yi fice. Wasu shirye-shiryen suna alkawarin ganawa da kwamitin makarantarsu ga duk wanda ya kai wani maki. Amma takobin kaifi biyu gare shi. Wanda ya shiga ya fito da sakamako tsaka-tsaki ya ba da hujja a kan kansa, kuma kusan babu wata ƙofar gyara bayan wannan. Ga shi makinsa ba ya taɓa GPA na digirin farko, yana zaune a layinsa daban. Don haka wanda ke ƙasa da 3.0, inda wasu makarantu ke tace takardu tun kafin idon mutum ya gan su, ya fi masa alheri ya fara da fosbak ya haye wannan layin. Yawancin shirye-shiryen SMP ma suna neman sakamakon jarrabawar shiga kafin su ɗauki mutum. Kuɗinsu kuwa dubun dubatar daloli ne, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara ƙunci: ta soke bashin gwamnati na Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta iyakance bashin ɗaliban digiri na biyu a dala 20,500 a shekara, na ɗaliban likitanci a dala 50,000 a shekara da jimillar dala 200,000. Kafin wannan ma, matsakaicin bashin da sabon likita ke fita da shi yana wajen dala 200,000 ɗin.

Wani kuskure da ke kusa da wannan shi ne tunanin cewa kowane digiri na biyu zai wanke mutum. Digirin lafiyar al'umma abu ne mai daraja, kuma zai yi wa likita amfani, amma ba ya amsa tambayar da kwamiti ke yi, wato ko za ka iya da kimiyya mai nauyi. An kuma san cewa a digiri na biyu ba a cika ba da maki ƙasa da B ba, don haka 3.8 a can ba ya ɗaga gira.

Yanzu MCAT, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci. Jarrabawa ce ta kusan sa'o'i bakwai da rabi, tambayoyi 230, kashi huɗu: kemistiri da fiziks, nazarin rubutu da tunani, bayoloji da bayokemistiri, sai halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Tun sabon fasalinta na 2015, kowane kashi yana tsakanin 118 da 132, jimilla daga 472 zuwa 528, tsakiya 500. Waɗanda ke shiga makarantun MD suna tashi da matsakaicin 511 zuwa 512. Ga mai raunin GPA wannan jarrabawa ita ce wuri ɗaya tilo da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowa ba tare da tarihinsa ya bi shi ba. AAMC tana wallafa jadawalin da ke haɗa GPA da MCAT, yana nuna kaso nawa aka ɗauka a kowane gida, kuma duk wanda ya duba zai ga yadda damar mai 3.3 ke ƙaruwa sosai in makinsa na MCAT ya haura. Zai kuma ga cewa ko da babban maki, bai kamo mai 3.8 ba. MCAT mai kyau tana cewa kan yana ja. Ba ta cewa mutum zai jure karatun yau da gobe na shekara huɗu, wannan aikin sabon sakamakon aji ne. Abu biyun tare suke tafiya.

Kada a shiga MCAT don gwaji. An yarda a yi ta sau uku a shekara guda, sau huɗu a shekara biyu a jere, sau bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon da aka fitar. Yawancinsu ba sa karɓar wanda ya wuce shekara biyu zuwa uku, saboda haka wanda ya yi ta tun kafin fosbak mai tsawo zai iya tarar da ta tsufa ranar da yake bukatarta. Haka kuma haɗa shirinta da cikakken zangon darussa hanya ce ta ɓata duka biyun. A gama gyaran aji, a ware watanni, a yi ta gwada kai da cikakkun jarrabawoyin gwaji na AAMC, sai makin gwaji ya zauna a inda ake so kafin a shiga ta gaske.

Akwai ƙofar da wasu ke rainawa, kuma raini ne na rashin sani: makarantun DO. Wannan reshe ya samo asali ne daga Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantarsa ta farko a Kirksville ta jihar Misuri a 1892. A yau mai digirin DO cikakken likita ne a duk jihohi 50, yana rubuta magani, yana tiyata, kuma sama da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu suke. Karatun kusan ɗaya ne, da ƙarin kimanin sa'o'i 200 na koyon jinya da hannu a kan ƙashi da tsoka. Tun 2020 aka haɗe tsarin horon ƙwarewa na MD da DO a ƙarƙashin hukuma guda. Matsakaicin waɗanda ake ɗauka yana wajen 3.6 a GPA da kusan 504 a MCAT, kuma makarantun sun yi suna wajen sauraron wanda ya faɗi ya tashi. AACOMAS ba ta sa lissafi a cikin makin kimiyya, wanda hakan sauƙi ne ga wanda lissafi ya ja shi ƙasa. Gaskiya ne cewa wasu fannoni masu tsananin gasa, kamar tiyatar ƙwaƙwalwa da likitancin fata, sun fi wahalar samu daga wannan ɓangare. Amma wanda burinsa ya duba marasa lafiya, ya ƙi neman DO saboda haruffa biyu, ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi kowace buɗuwa.

Jihar Teksas tana da nata tsarin. Makarantunta na gwamnati suna amfani da kafarsu, TMDSAS, doka kuma ta ware kashi 90 cikin 100 na gurabensu ga 'yan jiha. Akwai dokar sabon farawa da ke ba mazaunin jihar damar a yi watsi da darussan da suka kai shekara 10 da yinsu, amma duka ake zubarwa, masu kyau da marasa kyau, kuma AMCAS ba ta amincewa da hakan.

Makarantun tsibiran Karibiyan, irin na Giranada da Barbados, su ne ke buɗe hannu ga wanda aka ƙi a gida, kuma likitoci da yawa da ke aiki a Amurka ta can suka biyo. Sai dai a san abin da ake saye. Digiri kaɗai ba ya ba da izinin aiki, sai an samu gurbin horon ƙwarewa a rabon da ake yi duk watan Maris. Ɗaliban shekarar ƙarshe na MD da DO na cikin gida sama da kashi 90 cikin 100 suke samu. Amurkawan da suka yi karatu a waje kuwa wajen kashi biyu cikin uku ne, kuma wannan lissafin bai haɗa da waɗanda suka zube a hanya kafin su kai ga rabon ba. Wanda bai gano abin da ya kayar da shi a digirin farko ba, ya tafi can da bashi, ya ɗauki haɗari mafi girma a duk wannan fage. Ni dai ba zan ba wa kowa shawarar ya fara da nan ba kafin ya yi gyara na gaske ya gwada MD da DO aƙalla sau biyu.

Sauran abubuwan da ke cikin takarda, aikin asibiti, bin likita ana kallon aikinsa, taimakon al'umma, bincike, duk ana bukatarsu, kuma mai gyara yakan fi sabon ɗalibi yawansu, tunda ya yi shekaru yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya ko rubuta wa likita bayanai. Suna sa a so mutum, amma ba sa cike gurbin maki. Sa'o'i dubu na aikin sa kai ba su goge C a bayokemistiri ba, kuma in su ne ke cinye lokacin karatu, to a rage su. Wasiƙun shaida kuwa su fito daga malaman da suka koyar da kai kwanan nan, waɗanda za su iya cewa sun ga aikinka da idonsu.

Ɗan ƙasar waje yana da ƙarin katanga. Makarantun da ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin kaɗan ne, yawancinsu suna son a yi darussan share fage a Amurka ko Kanada, bashin gwamnatin tarayya ba ya samuwa gare shi, wasu ma sukan nemi shaidar kuɗin karatun tun kafin a fara.

Zaɓen makarantu shi kansa rabin yaƙi ne. Rumbun MSAR na AAMC yana nuna iyakar makin waɗanda kowace makaranta ta ɗauka, daga na ƙasa zuwa na sama, da yawan 'yan jiha da baƙi. Makarantun gwamnati suna fifita 'yan jiharsu, don haka nan ne wurin farawa. Wasu makarantu sun fito fili sun ce suna ba wa kiredit na baya-bayan nan nauyi na musamman, kuma irin waɗannan su mai gyara zai nema da fitila. Lokaci ma yana da tasiri: AMCAS tana buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙawa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna cike gurabe ne bi da bi yadda takardu ke isowa. Mai 3.9 zai iya makara ya sha. Mai 3.3 da ya miƙa a watan Satumba ya tarar an ci rabin kasuwa. In sakamakon gyaran bai kammala ba kafin Yuni, jinkirin shekara guda ya fi miƙa takarda rabi da rabi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar bayani. Bayanin kai da AMCAS ke karɓa haruffa 5,300 ne kacal, kuma an yi shi ne don a ji dalilin da ya sa kake son likitanci. Wanda ya cika shi da ba da haƙuri a kan maki ya ɓata filinsa. Akwai wani gurbi daban na bayyana wahalhalun da suka shafi rayuwar mai nema, kuma takardun da kowace makaranta ke aikowa daga baya sukan tambaya kai tsaye ko akwai abin da kake son bayyanawa game da sakamakonka. A nan ake faɗa, a taƙaice: ga abin da ya faru, ga inda na yi kuskure, ga abin da na canza, ga sakamakon zango huɗu da suka biyo baya. Ba a ɗora wa malami laifi, ba a kuma ƙara wa labari gishiri. In jami'a ta taɓa ɗaukar mataki a kanka, ko na gargaɗin faɗuwa ne ko na ɗa'a, AMCAS tana tambaya, kuma dole a faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma an fi yafe faɗuwa a kan ɓoye ta.

In an nema ba a samu ba, wanda hakan ke faruwa da fiye da rabin masu nema duk shekara, makarantun da aka taɓa nema za su gane mai dawowa, kuma abin da za su fara dubawa shi ne me ya ƙaru tun bara. Wasu ofisoshin ɗaukar ɗalibai suna yarda su gana da wanda ba su ɗauka ba bayan an rufe zagaye, su nuna masa inda takardarsa ta yi rauni. A nemi wannan ganawa, a je da takarda da alƙalami. In suka ce makin kimiyya ne, a koma aji zango biyu kafin a sake miƙawa. In suka ce MCAT ce, a duba sau nawa suka rage cikin bakwai ɗin nan kafin a sake yin rajista.